Ɗan Fari a Gaban Rumbun Ilimi

Mutumin da ya fara komawa makaranta da gemu a fuskarsa, da taimakon jama'a a bayansa, a duk ƙasar Moriki, shi ne Malam Maiwada mai awon dawa. Ya yi haka ne a kakar shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, yana da mata da 'ya'ya huɗu. 'Yan kasuwar hatsi ne suka tara masa buhuna, kowa gwargwadon ƙarfinsa, aka sayar, aka riƙa biya masa kuɗin makaranta har ya gama. Daga wannan aka kafa abin da muke kira Rumbun Ilimi. Kowace kaka ana tara hatsi, dattawa su zauna, su zaɓi magidanci ko matar aure daga cikin 'ya'yan Moriki da ƙauyukanta, wanda karatu ya wuce shi da ƙuruciya kuma yake son ya cim masa.

Tun ranar farko aka aza wa Rumbun ƙa'ida guda, ba a kuma taɓa sauke ta ba. Ba a karɓar takardar shaida, domin dattawan da suka kafa shi sun ce takarda ana iya sayenta. Mahaifi ko mahaifiya ne zai zo gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa wannan nasa ne, kuma ubansa ɗan ƙasar ne. Sai idan duka biyun sun rasu ake sauraren dangi. A kan haka aka tafi shekara da shekaru, ba a sami tangarɗa ba, sai da maganar Nasidi ta zo.

Nasidi ɗan Murtala ya haura shekara arba'in, yana zaune a Kaura Namoda da matarsa Hannatu da 'ya'yansu. Ya daɗe yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da tashar jirgi, yana ɗibar jini, yana wanke kwalabe, yana duba abin da aka koya masa dubawa. Da asibitin ya koma hannun sabon mai shi, sai aka kira ma'aikata aka ce duk wanda ba shi da difloma, ko shaidar cewa yana kan neman ta, zai bar aiki. Nasidi ya nemi gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura, aka kuwa ba shi. Abin da ya rage shi ne rajista, wadda za a rufe a ƙarshen wata. Idan ta rufe bai biya ba, gurbin ya tafi, aikin kuma ya bi shi.

Daga ranar da ya karɓo takardar gurbin, ƙafarsa ba ta sake hutawa ba. Ya zauna a kafen intanet, ya sa aka buɗe masa shafukan masu ba da tallafin karatu ɗaya bayan ɗaya. Wannan na 'yan ƙasa da shekara ashirin da biyar ne. Wancan na masu digiri na biyu ne. Wani an rufe shi tun bazara. Wani kuma an ce sai wanda ya riga ya yi rajista, wato sai ya biya abin da yake neman a taimake shi ya biya. Ya bi motar safe zuwa Zurmi, ya zauna a kan benci a ofishin ƙaramar hukuma har azahar, aka ce masa ya dawo bayan an buɗe sabon kasafi. Ya dawo Kaura yana duba waya a hanya, yana mayar da ita aljihu, yana sake fiddo ta, ko da yake ba wanda yake jira ya kira shi.

Daga nan ya nufi Shinkafi, domin a can ya tashi, kuma duk Kaura Nasidi Shinkafi ake ce masa. 'Yan kasuwar garin suna da wani asusu na taimakon masu karatu. Shugabansu ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwa, sa'an nan ya ce, "Nasidi, a gabanmu ka girma, ba mu musa ba. Amma ai kowa ya san riƙonka aka kawo gidan Furera. Ubanka mutumin ƙasar Moriki ne. Kuna da Rumbunku a can, wanda ya girmi namu. Idan muka ba ka, gobe mutanenku su ce mun ɗauke musu ɗa."

Gaskiya ya faɗa. Nasidi ɗan fari ne. Da aka yaye shi, sai yayar ubansa, Furera, wadda ke aure a Shinkafi, ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna. Wadda ta haife shi kuwa, Saude, Adda yake ce mata, kamar yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuma ba ta taɓa kama sunansa ba. Idan ta so ambatonsa sai ta ce na Shinkafi, ko ɗan Furera. Ƙauyensu, Gidan Haladu, ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Murtala ya rasu, 'yan'uwansa maza wasu sun bi shi, wasu sun bazu. Saude ta dawo cikin Moriki tana zaune gidan ƙaramin ɗanta, Misbahu mai sayar da takin zamani.

Nasidi ya kai buƙatarsa ga Rumbun Ilimi, aka sa masa rana. Mu dattawan Rumbun muka zauna a zauren shugabanmu, Alhaji Muhtari, tsohon hedimasta, mutumin da ba ya gaggawa ko da a wajen gaisuwa. Nasidi ya zauna a gefen tabarma ta dama, gwiwarsa tana ta motsi. Misbahu ya kawo mahaifiyarsu a bayan babur, ta shigo cikin lulluɓi, ta zauna can kusa da ƙofa, ta juya kafaɗarta ga ɓangaren da Nasidi yake.

Bayan addu'a Alhaji Muhtari ya ce, "Baiwar Allah, kin san abin da ya tara mu. Wannan bawan Allah da ke zaune, ɗanki ne?"

Saude ta dubi tabarma. Ta ce, "Ɗan Furera ne, ta Shinkafi."

Wasu daga cikinmu suka yi murmushi, domin ba wanda bai gane ba. Alhaji Muhtari ya sassauta murya ya ce, "Mun san Furera ta riƙe shi. Haihuwa muke tambaya."

"Alhaji," in ji ta, "ni dai na san shi gidan Furera."

Ta ja lulluɓinta. Alhaji Muhtari ya buɗe baki zai ce wani abu, sai Alhaji Mubashir dillalin shanu ya gyara zama. Shi mutum ne mai riƙe magana, kuma yana da dalili. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bara na kawo ɗan ƙanwata da ke aure a Shinkafi, yaron da a gidana ya yi wayo. Kuka tambayi matata, ta ce ɗan wance ne ta Shinkafi. Kuka ce to ya koma Shinkafi. Ban yi gardama ba. Yau ga magana iri ɗaya, daga bakin tsohuwa, a zaure ɗaya. Ina saurare in ji ko kunnen Rumbu ya canza."

Alhaji Muhtari ya daɗe yana murza carbinsa, sa'an nan ya juya ga Nasidi ya ce, "Kowa a nan ya san abin da ya riƙe harshenta, kuma ba abin zargi ba ne. Uwayenmu haka suka yi mana. Amma idan muka fara karɓar a'a a matsayin i, to ba sauran ƙa'ida. Za mu sake zama ranar kasuwa mai zuwa, shi ne zama na ƙarshe a bana. Idan ta faɗa, an ba ka. Idan ba ta faɗa ba, akwai mai jira a bayanka."

Ba wanda ya ga laifin wannan hukunci, har Nasidi kansa.

Ya bi su gidan Misbahu. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin Saude kamar yadda ya saba, ya ce, "Adda, sannu da gajiya." Ta amsa daga ciki, ta tambayi Furera, ta tambayi Hannatu da yara, ta tambayi ko masara ta sauka a Kaura. Ya amsa duka. Maganar da ta kawo shi kuwa bai taɓo ta ba. Matar Misbahu ta kawo fura, ya kurɓa ya ajiye. Ya tashi, ya je ƙofar gida, ya dawo ya sake tsugunawa, ya ce, "Adda." Ta ce, "Na'am." Ya ce, "Zan koma, kada hanya ta yi yamma." Ta ce, "Allah ya kiyaye."

A waje Misbahu ya ce, "Yaya, ai da ka faɗa mata kawai."

"Kai ka faɗa mata mana, ai kai ne ɗan gaban goshi."

"Na faɗa tun a kan babur. Ta ce in kula da hanya kada in kayar da ita."

Nasidi ya koma Kaura. Kwanakin da suka biyo baya ba ya iya zama wuri ɗaya. A wajen aiki ya fasa kwalba, abin da bai taɓa yi ba. Ya je ƙofar kwalejin ya tsaya yana kallon masu shiga da fita, samari sa'o'in 'ya'yan abokansa, ya juyo ba tare da ya shiga ba. Ya tambayi dillali abin da babur ɗinsa zai yi, ya ji amsa, ya tura abinsa gida. Hannatu tana kallonsa yana zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa turken akuya, ta ce, "Malam, ƙasar gidan nan za ta ƙare. Zauna ka ci abinci."

"Magana ɗaya ce fa, Hannatu. Ɗaya."

"To kai kira mini sunan babbar 'yarka in ji."

Ya tsaya ya dube ta, ya kau da kai.

Ta yi dariya ta ce, "Ka gani? Kai da ka shiga boko ma ke nan. Ni dai in da mai iya buɗe bakin Adda a duniya, Inna ce. Tare suka tsufa, ba su jin nauyin juna."

Da safe ya sake bin motar Shinkafi, wadda ba ta tashi sai ta jira wasu motocin su taru a tafi tare. Ya sami Furera tana tsince wake a faifai. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ya zayyana mata komai. Ta ajiye faifan, ta dube shi sama da ƙasa.

"To, madalla," in ji ta. "Ni na goya, ni na yi jinyar ƙyanda, ni na sayar da tunkiyata aka yi maka lefe. Yau saboda buhunan dawa an sauke ni daga uwa. Ka zo in raka ka a je a nemo maka wata."

"Inna, ba haka ba ne."

"Yaya ne? Ka ce in tahi in roƙi Saude ta ƙwace mini ɗa a gaban maza."

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba da tsince wakenta, tana jefar da tsakuwa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Can ta ce, "Karatun nan, in ka yi shi, za su bar ka da aikinka?"

"Za su bar ni."

"Ɗauko mini mayafina. Kuma kai za ka biya mota, ban da ko sisi."

Suka isa Moriki ana gobe kasuwa. Furera ta shiga ɗakin Saude ba ta jira an yi mata iso ba, Nasidi ya tsaya a zaure da Misbahu, amma muryar Furera ba ta san bango ba.

"Ke Saude, mi ke damunki? Furfura ta cika miki kai, haƙori ya zube, har yanzu amarya kike? Wa kike jin kunya? Surukanki duk suna kabari."

Ba a ji amsar Saude ba.

"Ɗaga murya, ni ma kunnena ya yi nauyi. Kin ce mi? Ba ki iyawa? Naƙuda kin iya ta, magana ce ta gagare ki?"

Sai aka ji muryar Saude, a hankali amma a tsaye. "Yaya Furera, ke kika zo kika ɗauke shi, ban ce uffan ba. Aka ce mini haka ake yi, na yi. Tun daga ranar ban taɓa buɗe baki a kansa ba, ko da ya yi ciwo, ko da ya yi aure. Yanzu kuma a ce in tsaya gaban maza, shi yana zaune yana kallona. Ba ƙi na yi ba. Na gwada ni kaɗai a ɗakin nan, bakin ba ya buɗewa."

"To sai ya rasa aikinsa?"

Nasidi ya tashi ya fita ƙofar gida, ya taka har bakin masallaci, ya dawo, ya sake fita.

Washegari garin ya cika da kukan shanu da ƙarar motocin hatsi. Muka zauna da hantsi, domin kowa yana so ya kama hanya da sauran rana. A bakin zauren akwai wata matar aure da mahaifinta, su ne masu jira idan Nasidi bai samu ba. Saude ta shigo, Furera tana riƙe da hannunta kamar mai tsoron kada ta gudu. Suka zauna kusa da ƙofa.

Alhaji Muhtari ya yi addu'a, ya yi gyaran murya, ya ce, "Baiwar Allah, mun sake wahalar da ke. Tambayar ita ce dai ta rannan. Wannan da ke zaune, ke kika haife shi?"

Saude ta buɗe baki. Muka ga leɓenta yana motsi, ba sauti. Furera ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Faɗi mana." Ta sake gwadawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Zaure cike da maza, kowa ya kau da ido, wani yana kallon rufi, wani yana kallon farcensa, amma kowa yana jira, ita kuma ta san ana jira.

Nasidi ne bai kau da ido ba. Tun da yake bai taɓa kallon fuskarta kai tsaye ba sai ranar. Ya ga tsohuwa ce ƙwarai, ta fi yadda yake zato tsufa, kuma saboda shi aka zaunar da ita a nan. Ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "na gode, Allah ya saka da alheri. Na fasa. A ba mai jira."

Furera ta ce, "Kai, zauna! Wa ya tambaye ka?"

Bai saurare ta ba. Ya ratsa ta gefensu, ya rusuna kaɗan ya ce, "Adda, ki yi haƙuri." Ya sa takalmansa ya fita, muka ji takunsa yana nisa ta hanyar tasha.

Alhaji Muhtari bai ce komai ba. Furera ta fara faɗa, tana cewa ita aka wahalar, ta bar wakenta a rana. Sai Saude ta ɗago kai ta ce, "Ya tahi?"

Misbahu ya leƙa waje ya ce, "Ya sha kwana."

Saude ta gyara zama. Da ta yi magana, muryar ta fito da ƙarfin da ba wanda ya zaci tana da shi.

"Ni na haife shi. A ɗakin uwata, da damina, ruwa na zuba ta rufi. Ni na shayar da shi har ya taka. Ranar da aka goya shi zuwa Shinkafi na zagaya bayan rumbu na yi kukana, na share fuska, na dawo na ci gaba da daka, ba wanda ya sani. Ubansa Murtala ne na Gidan Haladu, ɗan ƙasar nan, jikan 'yan ƙasar nan. Ɗana ne, na fari. Kun ji ko in sake?"

Alhaji Muhtari ya ce, "Mun ji, baiwar Allah."

"To kada wani ya biyo ni gida da wanga zance." Ta ja lulluɓinta ta rufe fuska.

Furera tana share ido da bakin mayafi tana cewa, "Ji munafuka. Ashe bakin yana nan."

Alhaji Muhtari ya juya ga dattawa ya ce, "Ƙa'ida ta ce uwa ta faɗa a gabanmu da bakinta. Ta faɗa. Saura magana ɗaya. Mai nema ya ce ya fasa. Alhaji Mubashir, kai ka fi kowa riƙe abin da aka faɗa a zauren nan. Me ka gani?"

Alhaji Mubashir ya sosa gemunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kara, kasuwar shanu, in mai saniya ya ce ya fasa, sai dillali ya amsa masa sa'an nan ciniki ya mutu. Ka amsa masa?"

"Ban amsa ba."

"To ni ban ga abin da ya mutu ba. Ɗan ƙanwata dai na Shinkafi ne, ban canza ba. Wannan kuwa namu ne, a ba shi."

Aka kira matar da ke jira da mahaifinta, aka yi musu bayani, aka ce su ne na farko a kaka mai zuwa. Mahaifin ya ce ya ji abin da ya faru ta ƙofa, kuma ba shi da ja. Aka ce wa Misbahu ya hau babur ya bi yayansa kafin mota ta tashi.

Ya same shi a tasha, ya riga ya shiga motar Kaura, yana zaune a bakin taga tsakanin buhun albasa da wani mai kaji, yana kallon gaba. Misbahu ya buga gefen motar ya ce, "Yaya, sauko. An ba ka."

"Kada ka yi mini wasa, Misbahu. Ba ni da ƙarfinsa."

"Wallahi an ba ka. Alhaji Muhtari ya ce ka zo ku gana da ma'aji, gobe a sayar da hatsi, jibi ka yi rajista."

Nasidi ya dube shi. "Ta yaya? Ai na fasa."

"Kana fita ta ce ya tahi? Na ce ka sha kwana. Sai kawai ta ɗago kai ta ce..."

Nasidi ya ɗaga hannu. "Ya isa."

"Ba ka son ka ji? Yaya, har Alhaji Mubashir sai da..."

"Na ce ya isa. Da ta so in ji, da ta faɗa ina nan."

Yaron mota ya ce, "Malam, tafiya za ka yi ko sauka? Kada ka riƙe mana wuri." Mai kaji ya janye ƙafafunsa, Nasidi ya fito da ƙyar, hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya kaɗe ta. Ya hau bayan babur. Sun yi nisa kaɗan ya ce, "Bi ta kasuwa tukuna. Zan sayi goro da sabulu."

"Na Inna Furera?"

"Na Inna, da na Adda. Ka kai wa Adda nata, ka ce daga Hannatu."

Abin da aka samu a wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. Nasidi ya yi rajista kafin a rufe, Rumbun ya ɗauki nauyinsa har ya karɓi diflomarsa, kuma yana nan a ɗakin gwaje-gwajen kusa da tashar jirgi, yanzu da mutum biyu a ƙarƙashinsa. Matar da ta jira an ba ta a kakar da ta biyo. Rumbun ya ƙara ƙa'ida ta biyu, wadda aka yi aiki da ita sau uku daga lokacin: idan mai nema ɗan fari ne, sai a fitar da shi waje kafin a tambayi mahaifiyarsa. Ƙa'idar farko ba a taɓa ta ba. Furera ba a sauke ta daga uwa ba, ita ce ta zauna a kujerar iyaye ranar bikin yaye ɗalibai, ta kuma yi ƙorafin cewa kujerar ta yi tauri. Saude ba ta je ba. Ta aiko da ƙwaryar fura a hannun Misbahu, ta ce a kai wa na Shinkafi.